Koya wa matasan Kano warware talla: jagora ga malamai da iyaye

Yaron da ya tashi a Kano ba baƙon ciniki ba ne. Tun yana ɗan shekara goma sha uku, in aka aike shi Kantin Kwari ko Sabon Gari, ya san kuɗin da aka fara faɗa ba shi ne kuɗin kaya ba. Ya san wanda ya tare shi a bakin layi yana cewa "zo in kai ka inda ya fi sauƙi" kamasho yake nema. Ya kuma san a fito da yadi waje a duba shi a hasken rana kafin a biya. Amma da ya koma gida ya buɗe waya, sai duk wayon nan ya kwanta, domin a kasuwa yana ganin rumfa da mai rumfa, a waya kuwa wanda yake ba shi dariya kawai yake gani, ko wadda kwalliyarta take burge shi. Don haka mai koyarwa ba sabon wayo zai ɗura wa yaro ba. Wanda yake da shi ne za a taimaka masa ya shigo da shi cikin waya, kuma hakan da aikin hannu ake yin sa, ba da dogon jawabi ba.

Abin da za a tanada

Rukunin da ya fi daɗin tafiyarwa shi ne yara goma sha biyu zuwa ashirin, masu shekara 13 zuwa 17. In sun haura haka, rabinsu 'yan kallo za su zama. Zama shida ya isa, sau ɗaya a mako, kowanne minti 45 zuwa awa ɗaya. A makarantar boko ana iya saka shi a lokacin ƙungiyoyin ɗalibai. A unguwa kuwa yammacin Alhamis ko Juma'a ya fi, tunda a mafi yawan Islamiyyu ranakun hutu ne.

Kayan aikin ba su da tsada: waya ɗaya ga kowane yara huɗu, babban kwali da maka, littafin rubutu ga kowa, cokalin shayi, sukari kamar rabin kilo, kofin gilashi, da jaka guda ta fankon kaya da aka wanke, wato robobin lemo, kwalayen magani, ledojin madara da biskit, da gwangwanayen man shafawa. Makarantu da yawa sun hana shiga da waya, saboda haka a nemi izinin shugaban makaranta tun da wuri, a kuma sanar da iyaye. Bidiyoyin da za a nuna a sauke su a waya tun daga gida. Ba don tsimin data ko tsoron sabis ya ɗauke ba kawai. In aka buɗe TikTok kai-tsaye a gaban aji, ba wanda ya san abin da zai biyo bayan bidiyon da aka zaɓa, kuma abu ɗaya na rashin kunya ya isa ya sa a rufe darasin gaba ɗaya.

Zaman farko gajere ne. A ba su aikin ƙirga talla na yini guda, daga tashi zuwa kwanciya, kowa ya rubuta inda ya gan ta, me ake sayarwa, da wanda yake zaton ya biya. Kusan kullum za su dawo da manyan allunan kan titi da na talabijin kawai, domin a wurinsu wannan ce talla. Sai a tambaye su: bayan adaidaita sahu fa? Laimar mai POS? Katangar da aka yi wa fenti da sunan sinadarin miya? Motar mai magani da lasifika a bakin kasuwa? Rubutun ƙirjin rigar ƙwallon da Sani yake sanye da ita yanzu haka? Saƙon da ya shigo waya da asuba? Sitatus ɗin Anti mai sayar da turare? A mayar da su su sake ƙirgawa. Bambancin lissafin farko da na biyu shi ne darasin, ba sai an ƙara masa sharhi ba.

Tambayoyi huɗu da yadda ake feɗe talla da su

A rubuta su a kwali a liƙa, su zauna a bango har ƙarshen zama na shida. Wa ya biya? Me yake so in yi? Da me ya kama ni? Me bai faɗa ba?

Nan ne ya kamata a daɗe. A ɗauki bidiyo ɗaya da bai wuce minti ɗaya ba, a kalle shi sau uku: na farko yadda yake, na biyu an kashe sauti, na uku an kifa wayar ana sauraro kawai. Mu ɗauki irin wanda kowa ya saba gani, na mai sayar da haɗin man shafawa. In an kashe sauti, yara za su lura da fitilar zobe da take haska fuskarta har tana ƙyalli a ƙwayar idonta. Za su lura hoton "kafin" an ɗauke shi a ɗaki mai duhu, fuska a murtuke, ba hoda, na "bayan" kuma a bakin taga ana murmushi. A sa su tsayar da bidiyon su duba gefen fuska da wuya: in an sa tacewar hoto, fatar takan yi sumul har ramukan gashi su ɓace, kuma idan hannu ya gifta ta gaban fuska sai launin ya ɗan yi rawa. In an kifa wayar kuwa, kunne ne zai kama "wallahi tallahi" sau nawa aka yi, da "saura guda goma kacal", da "garabasar yau ce kawai", da "duk wadda ba ta mallaki wannan ba an bar ta a baya".

Kowanne daga cikin waɗannan a ba shi suna da bakin yaran, a rubuta. Gaggawa, don kada ka samu lokacin tambayar wani. Tsoron a bar ka a baya, wanda ya fi cin matashi fiye da babba, domin a shekarun nan maganar abokai ta fi ta kowa nauyi. Aron fuskar sananne, jarumin fim ko mawaƙi ko ɗan ƙwallo, wanda saninsa a fim bai ba shi ilimin fata ko na magani ba. Aron rigar likita, ko rawani da carbi. Maimaici, har waƙar tallar ta zauna a baki ba a sani ba. Da kuma wanda ya fi duka muni, wato a fara sa maka jin kana da aibu, sannan a miƙo maka maganinsa.

Sai a gangara wajen sharhin da ke ƙasan bidiyon. "Na gwada wallahi yana yi." "Hajiya a ƙaro min uku." A sa yara su danna sunayen masu irin wannan yabo guda biyar. Sau da yawa za a tarar da shafi babu hoto, babu abin da ya taɓa ɗorawa, ko kuma kalmomin yabon iri ɗaya ne sak a ƙarƙashin bidiyoyi daban-daban. Yaran da suka yi karatun fiƙihu a Islamiyya za su gane wannan da wuri in aka tuna musu da najashu, wato mutum ya taya kaya ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Shari'a ta hana shi, kuma yabon haya aikinsu ɗaya.

Kada a tsaya a waya. Kano gari ne na rediyo, kuma yaro yana jin ta ko bai kunna ba, a shagon tela, a adaidaita, a tsakar gida. A naɗo minti biyar na shirin mai maganin gargajiya, a tambaye su: wannan labarai ne, ko fili aka saya? A koya musu kasa kunne ga jimlar da ake faɗa a farko ko a ƙarshe, cewa shirin ya zo da ɗaukar nauyin wane. Haka shirye-shiryen siyasa na dare da sojojin baka suke baje koli. In za a kawo misalin siyasa, a kawo na ɓangarori biyu a zama ɗaya, in ba haka ba gobe wani uba zai zo ya ce malam yana yi wa ɗansa kamfen, kuma yana da hujja.

Wani gargaɗi ga mai koyarwa: a rufe sunan mai kaya da lambar wayarsa a duk misalin da aka kawo, musamman na cikin gari. Mai yiwuwa gwaggon wani ce a ajin. Dabarar ake koyarwa, ba mutum ake tozartawa ba.

Yadda waya take zaɓa maka abin da za ka gani

Yawancin matasa suna zaton kowa abu ɗaya yake gani. A karya wannan zato da gwaji mai sauƙi: wayoyi biyu na mutane daban, a buɗe manhaja ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta abubuwa goma na farko da kowacce ta nuna, a ja layi ƙarƙashin waɗanda talla ne. Sannan a ɗauki waya ɗaya a yi ta neman takalmin ƙwallo na minti biyar, a tsaya a kan kowane bidiyonsa har ya ƙare, a duba ta bayan kwana biyu.

Bayanin da za a yi musu bai wuce wannan ba. Facebook da Instagram da TikTok da YouTube ba sa karɓar kuɗin shiga, mafi yawan kuɗinsu daga masu talla yake fitowa. Abin da suke sayar wa mai talla shi ne lokacinka da bayaninka: shekarunka, garinku, irin wayarka, abin da ka tsaya a kansa da daƙiƙa nawa ka yi. Mai shago a Zoo Road zai iya biya ya ce a nuna tallarsa ga mata masu shekara kaza zuwa kaza da ke cikin Kano kawai. A nuna musu ƙaramin rubutun "Sponsored" ko "Ad" da ke maƙale a saman irin wannan. A Facebook a danna ɗigo uku na gefen tallar, akwai wurin da yake faɗa maka dalilin da ya sa aka nuna maka ita. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yana da rumbun talla mai suna Ad Library da kowa zai iya shiga ya rubuta sunan shafi ya ga tallace-tallacen da yake biya a halin yanzu. Yara suna son wannan ƙwarai, don yana sa su ji sun leƙa bayan labule.

Akwai abin da iyaye ba su cika lura da shi ba. Ƙa'idar waɗannan manhajoji ita ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, kuma akwai tallace-tallacen da ba a yarda a nuna wa wanda bai kai 18 ba. Yaron da ya ƙara wa kansa shekaru ranar da ya buɗe shafi, a wurin manhaja baligi ne, don haka tallar caca da ta bashi za su same shi. A duba ranar haihuwar da ke shafin, a gyara.

Tallar da ta fi wuyar ganewa ita ce wadda ba ta da tambari. Mai barkwanci yana tsakiyar wasa sai ga shi riƙe da wani lemo, sunan yana kallon kyamara. Mai kwalliya ta ce "mutane suna ta tambayata me nake shafawa". Alamominta uku ne: an ambaci sunan shago ko an nuna shi a fili, an ba da lambar waya ko wata lambar rangwame, kuma ba a faɗi aibu ko ɗaya ba. Hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ita ke da alhakin tantance talla kafin a fitar da ita, har da ta intanet. Sai dai abin da ake ɗorawa a yini guda ya fi ƙarfin kowace hukuma, shi ya sa idon yaron ne abin dogaro.

Yayin "mainin" na 2024, wato tara maki a wasan waya da fatan su zama kuɗi, misali ne da 'yan samari ba za su yi musu da shi ba, don da yawansu ko yayyensu sun yi ta dannan fuskar waya dare da rana a Hamster Kombat da ire-irensa. A tambaye su ayyukan da ake ba su don ƙarin maki: kalli wannan bidiyo, bi wancan shafi, gayyato abokai. Sannan a mayar da su kan tambayar farko ta jikin kwali.

Zaman lissafi

Wannan zaman ya fi kowanne kama jiki, domin ba malam ne yake faɗa ba, alƙalami ne.

A fara da sukari. Kowane rukuni ya ɗauki robar lemo ya nemo inda aka rubuta giram nawa na sukari ke cikin kowane mililita 100. A lemon kwalba mai gas yakan kai giram 10 zuwa 11. Robar da aka rubuta wa 50cl mililita 500 ce, saboda haka a ninka sau biyar: 10.6 sau 5 ya ba da giram 53. Cokalin shayi ɗaya a shafe kusan giram 4 ne, ke nan cokali goma sha uku. A sa yaro ɗaya ya auna su cikin kofin gilashi a gaban kowa, ana ƙirgawa da ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wanda ga babba ya kama kusan giram 50, ta kuma ce in an tsaya a wajen giram 25 ya fi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne yara su ɗauki lambar mililita 100 a matsayin ta robar duka, ko su cika cokali ya yi tozo. A bar su su yi kuskuren, sannan a gyara.

Sai ƙaramar leda da babban gwangwani. A raba kuɗin kowanne da giram ɗin da ke jikinsa, a ga nawa giram ɗaya ya kama. A je da farashin ranar daga kantin unguwa, kada a yi amfani da na watan jiya. Wani lokaci ƙaramar ledar ce ta fi tsada, wani lokaci kuma babban da aka rubuta wa "ƙarin kyauta" ne. Ba a sani sai an raba.

Daga nan a shiga na "zuba kuɗi ka kwashi riba". MMM, wadda ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, kashi 30 cikin 100 take alƙawari duk wata. A ba su naira 10,000 a takarda su yi ta ninkawa da 1.3. Bayan wata 12 za su samu kusan 233,000, bayan wata 24 sun haura miliyan 5, bayan wata 36 sun wuce miliyan 126. CBEX da ta rushe a Afrilun 2025 ninki biyu take alƙawari cikin kwana 30: dubu goman nan a shekara guda ta zama 40,960,000. Sai a tambaye su: wace sana'a ce a Dawanau ko Singa take kawo haka? In akwai ta, me zai sa mai ita ya nemi dubu gomanka? Su da kansu za su kai ga amsar, cewa kuɗin sabon shiga ake biyan na farko da shi, ranar da sababbi suka ragu kuma shafin ya rufe.

Caca haramun ce, kuma yaran sun sani, amma sanin bai hana tallarta shigowa ta rigunan 'yan ƙwallo da zaurukan WhatsApp na masu "tabbataccen wasa" ba. A haɗa musu hukuncin da lissafi. Kowa ya miƙe tsaye. Malam ya ɓoye tsakuwa a hannu ɗaya, kowa ya nuna dama ko hagu, wanda ya faɗi ya zauna. A aji mai mutum ashirin, zagaye huɗu ko biyar ya isa a rasa mai tsayuwa ko a bar mutum ɗaya. Canka goma a jere sau ɗaya ne cikin 1,024. Ko da kowane wasa yana da yiwuwar kashi 70, haɗa goma a tikiti ɗaya bai kai uku cikin ɗari ba. Tallar tana nuna wanda ya ci, ba ta nuna waɗanda suka zauna.

Tantancewa da hannu

A zube kwalayen magani da na man shafawa a tabarma. Kowa ya nemo lambar NAFDAC, ranar da aka yi, ranar lalacewa, da cikakken adireshin wanda ya yi. Lamba a jikin kwali ba hujja ba ce, kowa zai iya buga ta. Magunguna ana duba su a rumbun hukumar na intanet mai suna Greenbook, a ga ko sunan da lambar sun dace. Wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta suna da wurin kankarewa, a tura lambar ta saƙo a samu amsa. Game da maganin gargajiya kuwa, lambar da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba rashin cutarwarsa ne, ba an tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa ba, shi ya sa ake rubuta a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Magani ɗaya da aka ce yana maganin basir da sanyi da hawan jini da siga, yawan jerin ma kansa abin tuhuma ne.

Ga hoto, a koya musu Google Lens: a ɗora hoton, a ga inda ya taɓa fitowa da shekarar. Ga saƙon "gwamnati tana raba tallafi, danna nan ka tura wa mutum goma", a duba ƙarshen adireshin, na hukumomin gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa. Ba banki ko hukumar da za ta nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. Bidiyon da aka ga wani babban attajiri ko malami yana kiran mutane su zuba kuɗi, a dubi leɓe ko ya dace da magana, sannan a je shafinsa na ainihi da kafofi irin su BBC Hausa, ko masu bin diddigi irin su Dubawa. Ƙirƙirarriyar basira tana kwaikwayon murya da fuska, kuma kullum ƙara gwanancewa take yi, don haka neman asalin magana ya fi dogaro da ido. Iyayensu za su iya ba su labarin daren Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka yi ta tashin mutane a waya a ce su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har wasu suka kwanta a asibiti. Masu turawar ba maƙiya ba ne, 'yan uwa ne masu son alheri. Aya ta 6 a Suratul Hujurat, wadda ta yi umarni da bin diddigin labari, yawancinsu sun haddace ta.

Zama ɗaya a raba maza da mata, malama ta zauna da 'yan mata. A nan ake maganar bilicin da magungunan ƙara ƙiba irin su "sha ka fashe". A faɗi abin da ke ciki ƙarara: haɗin da ba shi da jerin sinadarai yakan ƙunshi haidurokwinon, ko sitiroyid, ko makuri. Sitiroyid yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje, ciwo ya ƙi warkewa da wuri. Haidurokwinon in an daɗe ana shafawa yana iya barin baƙin tabo mai wuyar fita. Makuri yana taɓa ƙoda. Kada malama ta kalli kowa yayin da take faɗa, kada kuma ta nemi a ɗaga hannu. Akwai mai shafawa a ajin, in ta ji an nuna ta ba za ta dawo ba.

Su ma su yi tasu

A zama na ƙarshe a raba su huɗu-huɗu, a ba kowane rukuni abu marar armashi, tsintsiya ko ruwan leda ko soson wanki. Su shirya talla biyu ta daƙiƙa 30: ɗaya da dabaru uku daga jerin da ke bango, ɗaya kuma ta gaskiya zalla amma mai jan hankali. Minti 20 na shiri ya isa. Sauran rukunai su canki dabarun. Za a sha dariya, kuma wanda ya taɓa cewa "saura biyu kacal" alhali tsintsiya ashirin ce a bayansa, ba zai sake jin jimlar nan kamar da ba. Bidiyon ya tsaya a wayar malam a goge shi bayan darasi, kada ya fita.

Talla ta biyun ta fi wuya, kuma ta fi amfani, domin da yawan yaran nan 'yan kasuwa ne tun yanzu: masu sayar da data, huluna, turare, cincin da kek a sitatus. A tsaya a kan nasu: hoton kayanka na ainihi ba wanda ka ɗauko a intanet ba, farashi a fili, aibu a faɗe shi. Hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu, a nan ne wurinsa, da wanda ya ce rantsuwa tana sa kaya su tafi amma tana shafe albarka.

Inda abin yake lalacewa

Mafi yawa a bakin babba yake lalacewa. Da an fara "ku yaran zamani", an rasa su. Da an zagi jarumin da suke so, za su kare shi maimakon su duba tallar. A gida, ƙwace waya yana koya wa yaro ɓoyewa ne kawai. Ya fi uwa ta ce, "Abba, zo ka nuna min, wannan mai maganar biyan ta aka yi ko ra'ayinta ne?" ta bar shi ya zama shi ne gwani. Uba kuma da yake tura duk abin da ya shigo zauren masallaci ba tare da dubawa ba, yaron yana kallonsa.

Akwai kuma lalacewa ta ɗaya gefen, wadda masu koyarwa ba su cika hangowa ba: yaro ya fito yana cewa "duk ƙarya ne". Wannan ba wayewa ba ce, domin zai ƙi sanarwar rigakafi da ta ranar jarrabawa kamar yadda zai ƙi ta ɗan damfara. A kowane zama a saka talla ɗaya mai gaskiya ko sanarwa ingantacciya a cikin misalan, a bar su su gano cewa ta tsallake tambayoyin huɗu.

Don a san ko an ci riba, a nuna musu talla ɗaya a ranar farko su rubuta abin da suka gani cikin minti biyar, a ajiye takardun. A ranar ƙarshe a nuna wata irinta, a kwatanta. Abin nema shi ne ko yaro ya ambaci wanda ya biya da abin da ba a faɗa ba, ba tare da an tambaye shi ba.

In kuma a tsakiyar darasi wani ya matso ya ce, "Malam, ni fa na riga na tura," a ajiye faɗa. A kira bankinsa nan take a toshe kati ko asusun, a ɗauki hoton hirar da shaidar tura kuɗin kafin a goge su, a canza lambobin sirri, sannan a sanar da iyaye cikin lalama. Saƙonnin talla da ke damun layi ana tsayar da su ta tura STOP zuwa 2442. Kuɗin katin waya da ake cirewa ba da izini ba a fara kai ƙara wurin kamfanin layin, in bai gyara ba a kira hukumar sadarwa ta NCC a 622. Kayan da aka saya aka tarar ba haka aka tallata su ba, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ce ke karɓar ƙorafinsu, jabun magani ko man shafawa kuma a kai wa NAFDAC tare da kwalin da rasit in akwai.